Maman Ilham, kada ki fara da maganar ƙibar

Assalamu alaikum. Maman Ilham, tun jiya da daddare na ga tambayarki a kan 'yarki mai shekara 13 da jikinta ke ta ƙaruwa, kin saya mata igiyar tsalle ta wurgar, kuma da kin yi magana sai kuka. Na bari sai da yara suka tafi makaranta don in samu natsuwar rubuta miki, domin na sha irin wannan da 'yata Ummi.

Kuskuren farko ni na tafka shi. Ummi tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a makaranta ana kiranta Lukuta, ta dawo gida kuma ni in ɗora da "tashi ki motsa, dubi jikinki." A tunanina zaburar da ita nake yi. Ban farga ba sai ranar da nake gyaran ɗakinsu na tsinci ledojin biskit a ƙarƙashin katifa. Ashe yarinya ta daina sakin jiki ta ci abinci a gabanmu, sai ta ɓuya. Ranar da ake wasanni a makaranta kuwa kullum kanta ke ciwo. To igiyar da kika sayo, a idon Ilham horo ce, tunda ita kaɗai aka saya wa.

Abin da ya kai mu asibiti ma wuyanta ne. Ya yi baƙi ta baya, na dirje shi da soso har na gaji, ina ta yi mata faɗan ƙazanta. Likita ta ce ba dauɗa ba ce, alama ce da kan fito idan jiki ya fara wahalar sarrafa sukari. Aka gwada jininta, Allah Ya taimaka ba ta kai ga ciwon ba. Ki duba wuyan Ilham da hammatarta, in kin ga haka ki kai ta a gwada. Likitar ce ta gaya min ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsi na minti 60 a rana, irin wanda numfashi zai ɗan ɗaga, kuma ba dole a yi shi a lokaci ɗaya ba. Ta kuma ja kunnena a kan shayin rage ƙiba da hana abinci. Yarinya mai tasowa, in nauyinta ya tsaya tsayinta na ƙaruwa, an ci riba.

Da na zauna na lissafa yinin Ummi sai kunya ta kama ni. Adaidaita ya kai ta makaranta, ta zauna har ƙarfe biyu, adaidaita ya dawo da ita, wani ya kai ta Islamiyya, da daddare talabijin. Mu a shekarunta muna ɗebo ruwa, muna daka, muna 'yar gala-gala, in wata ya haska a fita gaɗa har sai an kira mu. Su mun kulle su a bayan get saboda tsoron zamani, tsoron kuma yana da dalili, sai dai mun dawo muna zarginsu da lalaci.

Dabarar da ta yi min aiki ita ce na mayar da matsalar kaina. Ni ma dai ba siririya ba ce, ga hawan jini. Na ce mata likita ya umarce ni da tafiya, kuma ina jin nauyin fita ni kaɗai, ta taimaka ta riƙa raka ni. Muka sallami mai adaidaitan Islamiyya. Tafiyar minti 15 ce, zuwa da dawowa rabin awa ke nan. Satin farko tana haki tana mita, ban tanka ba. A wannan hanyar na ji labaran makarantarsu da ban taɓa ji ba.

Ragowar rabin awar gaɗa ce ta cike shi. Na tara ta da ƙannenta da 'yan matan maƙwabta biyu a tsakar gida, na koya musu waƙoƙin da muka yi muna yara. Suka yi ta dariyar yadda nake faɗawa su cafe ni, daga baya har ba sa nemana. Wata 'yar'uwar babansu ta ce budurwa da tsalle-tsalle ba kamun kai. Babansu ne ya ba ta amsa, ya tuna mata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Tun daga nan ba ta sake magana ba.

Akwai abin da yarinya ba za ta faɗa miki ba, ke za ki lura. Cinyoyi suna gogar juna su yi zafi har su saluɓe, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ƙirji yana damunta in tana gudu, ga kunyar a gani. Dogon wando mai laushi a ƙarƙashin siket, rigar nono mai kama jiki, da takalmi mai taushi maimakon silifas, waɗannan sun rage rabin gardamar Ummi. Lokaci kuma sai bayan Asuba ko in rana ta yi sanyi.

Abinci ban taɓa shi sosai ba, abin sha na kama. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, kuma Ummi kan sha biyu a rana. Na daina ajiye shi a firij ga kowa, har babansu, muka koma zoɓo da kunun aya da ni nake sa musu sukari da hannuna. Inda na sha fama shi ne wajen Hajiya kakarsu, wadda a wajenta ƙiba alamar hutu ce da kyakkyawan riƙo. Ban yi musu da ita ba. Na roƙi likitar ta yi mata bayani da bakinta ranar da muka je asibiti tare, ta fi jin ta wajen mai farar riga.

Sikeli kuwa na kai shi sito. Yanzu an shekara biyu. Ummi ba ta zama siririya ba, ƙirar dangin babanta ce da ita, amma baƙin wuyan ya ragu sosai, kuma a hutun da ya wuce mun hau Dutsen Dala, ita ta tsaya a sama tana jira na.

Igiyar nan kada ki sake miƙa mata. Gobe da yamma ki ɗauka ki fita tsakar gida ki fara tsallen da kanki, ki ce Ilham ta zo ta ƙirga miki. Ni a ranar farko guda bakwai na yi na zauna.