Amsa ga mai son hawa Bagzan a watan Agusta

Ɗan'uwa, ka ce daga Maraɗi za ku tashi zuwa dutsen Bagzan da ke cikin duwatsun Abzin a yankin Agadas, ku kwana a waje, kana tambayar yadda za ku yi da yanayin can.

In da hali, ku ɗage tafiyar zuwa Nuwamba. Agusta tsakiyar damina ce, kuma babban haɗarin can shi ne korama. Ruwa na iya sauka a kan dutse nesa da ku, sama a kanku garau, sai ga ruwa ya gangaro da duwatsu da itace cikin ɗan lokaci. Kada ka kwatanta shi da Gulbin Maraɗi. Baƙi sukan shimfiɗa tabarma a yashin korama don laushinsa da inuwar itatuwa. Don Allah kada ku yi haka, ku kwana a tudu.

Ƙolin Bagzan ya kai mita 2,022, shi ne mafi tsawo a Nijar, saboda haka dare na da sanyi ko da rana ta ƙona ku. Ku riƙe bargo, rigar sanyi, da busassun kaya a cikin leda. Silifa ba ta hawa dutse. Ku fara hawa da asuba, in hadari ya haɗu ku sauka daga tsauni saboda tsawa.

Ku nemi ɗan jagora ɗan yankin Tabelot, wani gari kusa da Bagzan, ku tambayi jandarma a Agadas halin tsaron hanya kafin ku wuce. Mai ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita.