Hoton igama da wani shago ya nema

Dan uwa, ka ce ka je sayen waya bashi a Jidda, mai shagon ya ce ka turo masa hoton igamarka, wato katin zamanka a Saudiyya, ta WhatsApp, kana tambaya ko akwai dokar da ta kare ka. Akwai. Saudiyya tana da dokar kare bayanan mutum, ta fara aiki a Satumbar 2023, hukumar bayanai ta ƙasar, wato SDAIA, ce ke kula da ita, kuma ta shafi duk mazaunin ƙasar har da mu baƙi. Kana da haƙƙin tambayar me za su yi da bayananka, kana iya neman a goge in buƙata ta ƙare.

Amma gaskiya doka ba za ta bi hoton cikin wayar yaron shago ba. Ni na taɓa turawa haka, bayan watanni na duba Arqami, wato hidimar hukumar sadarwa mai nuna layukan da ke kan igamarka, sai ga layi biyu da ban san su ba, wallahi ranar ban yi barcin kirki ba. Ka nuna katin su gani da idonsu, in dole ne su shigar a sistem ɗinsu a gabanka.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne lambar tabbatarwa ta Nafath ko Absher, wato manhajojin gwamnati da ake shiga da bayanan igamarka, wani ya kira wai daga banki, kar ka danna lambar, kar ka karanto masa komai. Saƙon damfara ka tura shi zuwa lamba 330330. In har an ci bashi da sunanka, kai ƙara ta manhajar 'yan sanda ta Kulluna Amn, sannan ka nemi lauya, wannan ya wuce shawarar irinmu.