Tsakanin Green da Jansen, wa ya fi alamar zai yi nisa a kurket?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya fi alamar yin nisa a kurket na kwana biyar (wasan da ɓangare ɗaya ke jifan ƙwallo don fitar da masu bugu, ɗayan kuma na bugun ta da sanda don cin maki) tsakanin Cameron Green na Ostireliya da Marco Jansen na Afirka ta Kudu. A Gombe samun abokin wannan hira ma aiki ne, gidajen kallo na Jekadafari ƙwallon ƙafa kawai suka sani.

Ni dai Jansen na zaɓa. Dukansu biyu suna bugu, suna kuma jifa. Green gwanin bugu ne, ya ci maki 174 ba a fitar da shi ba a Wellington a 2024. Amma ciwon baya ya kai shi tiyata a shekarar, kuma mai jifa da ƙarfi in bayansa ya fara ciwo, jifan ake fara rage masa.

Jansen kuwa bahago ne wajen jifa, tsayinsa ya haura mita biyu, ƙwallonsa na tasowa har ƙirjin mai bugu. A Durban ya fitar da 'yan Sri Lanka bakwai, maki 13 kacal suka samu a hannunsa. Bugunsa bai kai na Green ba, amma yana ƙaruwa.

Ka kuma sa ido kan Nitish Kumar Reddy na Indiya, mai maki 114 a Melbourne, ko da yake jifansa da saura.