Da gaske Mujica ne shugaban ƙasa mafi talauci a duniya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko laƙabin nan gaskiya ne ko zuƙi-ta-mallen 'yan jarida. Akwai ƙamshin gaskiya, amma shi kansa José Mujica, tsohon shugaban ƙasar Yurugai da ke Kudancin Amurka, bai yarda da sunan ba. A ganinsa matalauci shi ne wanda abin duniya bai taɓa isar sa ba.

Ya mulki Yurugai daga 2010 zuwa 2015, ya kuma ƙi tarewa a fadar shugaban ƙasa. Ya ci gaba da zama a 'yar gonarsa da ke bayan garin Montevideo, babban birnin ƙasar, tare da matarsa Lucía Topolansky, suna noman furanni, da karyarsu mai ƙafa uku, Manuela. Motarsa tsohuwar Volkswagen Beetle ce shuɗiya, ƙirar 1987. Kusan kashi 90 cikin 100 na albashinsa kyautarwa yake yi, galibi don gina wa talakawa gidaje.

Kada dai ka ɗauka waliyyi ne. Da ƙuruciyarsa ɗan tawayen Tupamaros ne, masu fashin banki da sace manyan mutane. Ya sha harsashi, ya yi shekara fiye da goma a kurkuku, yawanci shi kaɗai a ɗaki, sai a 1985 aka sako shi.

Mulkinsa ya halatta zubar da ciki a 2012, da auren jinsi da tabar wiwi a 2013, abin da mu nan ba za mu lamunta ba. Gyaran ilimin da ya yi alkawari kuwa bai je ko'ina ba. Ya rasu ranar 13 ga Mayu, 2025.