Tambayoyinku kan fasaha: fitilar goshi mai canjin ƙwai, batirin ƙarya da sauransu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon kamar kun haɗa baki, kusan duk saƙonnin da suka shigo akan fitila ne, da alama NEPA ta gasa wa kowa aya a hannu. Bismillah.

Tambaya: Malam ina kunna tocilan wayata in aza ta a kan kwali ina ɗinki da dare, amma wayar tana zafi kuma caji baya daɗewa. Meye mafita? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya wayar ba fitila bace. Ki sayi fitila.

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne a Kano. Fitilar goshi huɗu na saya cikin shekara ɗaya duk ƙwan ya mutu ko ya dusashe, shine nake so in haɗa tawa da kaina wadda zan riƙa zare ƙwan LED in sa wani idan ya lalace ko mafi haske ya fito. Na ga wani ƙwai mai wat 10, zan like shi da gam a tsohon gidan roba da nake dashi. Ya kake gani?

Amsa: Ƙanena tunaninka ya yi, amma daga inda ka ambaci gam da roba raina ya ɓaci wallahi. Kai da kake buɗe waya kullum kana ganin yadda ake shimfiɗa wa furosesa ƙarfe don zafi ya samu hanyar fita, shine zaka ɗauki wat 10 ka manna a roba? Abinda ya kashe maka fitilu huɗun nan kenan fa, zafi ne, ba wai ƙwan ya gaji ba. Ƙwan LED fiye da rabin wutar da yake sha zafi take komawa, kuma duk zafin nan a ɗan wurin da bai kai ƙwayar gero biyu ba yake taruwa, in bai samu ƙarfen da zai bi ya fita ba sai hasken ya fara komawa shuɗi-shuɗi, ya dusashe, wata rana ka latsa shiru. Sai kuce kayan China ne. Eh na China ne, amma ko wanda manyan kamfanonin ƙwan LED irin su Cree ko Nichia suka yi ka saka a roba haka zai mutu.

Toh ga yadda ni zan yi. Kada ka ɗauki ƙwai shi kaɗai a matsayin abinda ake canjawa, ka haɗa abu uku wuri ɗaya su zama curi guda: ƙwan a kan farantinsa na jan ƙarfe ko alminiyom, irin mai siffar tauraro milimita 20 ko mai milimita 16, sai direba, sai gindin alminiyom da suke zaune a kai. Direba ba na mota ba, ɗan allon da yake ƙayyade yawan wutar da ke shiga ƙwan nake nufi. Dalilin haɗa su shine kowane ƙwai da cikinsa. Misali ƙwan da ake kira XP-G2 iyakarsa amp 1.5, XM-L2 yana ɗaukar amp 3, akwai kuma XHP50 mai bolt 6 wanda batir ɗaya ba zai tada shi ba sai da direba mai ɗaga wuta. In direba na jikin fitila ƙwai kaɗai kake canjawa, ranar da ka manta ka sa ƙarami a wutar babba zaka ji ƙauri a goshinka. In kowane curi da direbansa, jikin fitilar aikinsa kawai ya kawo wutar batir ta waya biyu, shikenan, ko shekara biyar nan gaba aka fito da sabon ƙwai curi ɗaya zaka haɗa.

Direba mafi sauƙi shine mai 'yan ƙananan IC da ake kira AMC7135, kowanne miliamp 350 yake bari ya wuce, guda uku amp ɗaya da ɗan ɗori kenan, kuma ni a nan nake tsayawa. Gyaran waya kake ba farautar dare ba, amp ɗaya ya isheka har ya yi yawa, batir mai 3000mAh zai kaika wajen awa uku, a amp 3 kuwa awa ɗaya ma da ƙyar. Wannan ciwon naku na neman lamba mafi girma a jikin kwali ne yake damuna, XM-L2 da aka ba shi cikakkiyar wutarsa lumen (ma'aunin haske kenan) dubu ɗaya da ɗan wani abu yake bayarwa, amma sai kaga fitilar roba mai ƙwai ɗaya an rubuta mata lumen 50,000 kuma mutum da hankalinsa ya biya.

Wurin haɗuwar curin da jikin fitila nan ne aikin yake. Sukurori biyu, fuska biyu a shafe sumul ƙarfe kan ƙarfe, ka shafa farin man nan na furosesa kaɗan a tsakani, kaɗan nace ba kamar man shanu a tuwo ba. Wannan dabara ta curi ba sabuwa bace, masu tocila a Amurka sun daɗe da irin wanda ake kira P60 da ya samo asali daga tocilan SureFire, ana zare shi a zura wani, kuma babban aibinsa shine baya manne da jikin tocila sosai har mutane ke naɗe shi da takardar alminiyom don zafi ya wuce. Kada ka maimaita kuskurensu. Waya kuma ka sa 'yar soket mai shiga ta fuska ɗaya, don na sanku, sai kun juya ja da baƙi. Batirin ka mayar dashi ƙeya don nauyi ya rabu, ka sa robar zobe a bakin gilashi saboda zufa da ƙurar hunturu.

In ka tashi sayen ƙwai ka nemi Nichia 519A mai 4000K ko 4500K (lambar launin haske ce, in ta yi ƙasa hasken ruwan ɗorawa, in ta yi sama fari mai shuɗi-shuɗi), shi nake amfani dashi, launin waya ja da ruwan goro baya rikice maka kamar a farin nan mai 6500K mai kashe ido.

Tambaya: Na sayi batir 18650 an rubuta 9900mAh amma minti arba'in yake. Daga Zinder.

Amsa: An yi maka sakiyar da ba ruwa. Masu kyau na Samsung da LG da Panasonic wajen 3500 suke tsayawa. Ka aza shi a sikeli, na gaske giram 45 zuwa sama ne, naka zaka ji shi sakayau.

Tambaya: Zan iya ciro batiran tsohuwar laftof in sa a fitila? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Zaka iya. Ka auna da mita, duk wanda ya faɗi ƙasa da bolt 2.5 ko ledarsa ta yage ka rabu dashi. Caji da ɗan allon cajin da ake kira TP4056 mai kariya, yana tsayawa a bolt 4.2. Kada ka zuba su aljihu ɗaya da makullai.

Tambaya: Ni mai shayi ne, ƙwari suna damuna a fuska idan na kunna fitilar goshi.

Amsa: Farin haske mai shuɗi-shuɗi suke bi. Ka nemi mai ruwan ɗorawa zasu ragu, ko ka rataye fitilar can gefe kowa ya huta, don masu shan shayin ma sun gaji da dalle musu ido da kake yi.