Wane akwatin shuka zan saya?

Tambaya: Malama, tsakar gidana siminti ne, kuma ina son in shuka tumatir da alayyafo da latas. Na ga akwatunan shuka na katako da na kwano da na roba. Wanne zan ɗauka? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, fara duba zurfi kafin kyau. Alayyafo da latas za su wadatu da santimita 20, amma tumatir saiwarsa na nutsawa, kada ki yarda da abin da bai kai santimita 40 ba, tunda siminti ne a ƙasa. Faɗin kuma kada ya wuce mita 1.2, yadda hannunki zai kai tsakiya ba sai kin taka ƙasar ba.

Katako na ba ni tsoro saboda gara. In shi ranki ke so, a ɗora shi kan bulo, a shimfiɗa leda a jikinsa ta ciki. Na kwano ya fi ƙarko, sai dai ranar Afrilu kan gasa shi har ƙasar gefe ta bushe da wuri. Rufe saman ƙasar da ciyawa busasshiya. Roba mara kauri kuwa, rana ce ke farfasa ta.

Ni dai na kwano zan ɗauka. Ki juya shi ki ga gindinsa: in babu hudoji, ruwan Agusta zai kwanta ya ruɓar da saiwa. Kuma don Allah, kada a sayar miki da rabin durom ɗin da aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki, abinci za ki shuka.