Hukuncin Barin Aikin Albashi Don Bin Baiwar Rubutu da Zane

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Shekarata takwas ina aikin albashi, ina da mata da 'ya'ya biyu. Amma tun ina yaro zuciyata tana wajen rubuta labarai da zane, har ina jin kamar ban gano abin da aka halicce ni dominsa ba. Wannan tunani waswasi ne? Kuma ya halatta in ajiye aikin in rungumi fasaha?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka haɗa abu biyu a tambaya ɗaya. Dalilin halittarka bai ɓata ba balle ka fita nemansa, domin Allah ya faɗe shi ƙarara a Suratuz Zariyat aya ta 56: bai halicci aljanu da mutane ba sai don su bauta masa. Abin da kake nema shi ne ƙofar da kai za ka bi ka shiga wannan bauta da irin baiwarka, kuma neman ƙofa ba waswasi ba ne.

Ibnu Abdil Barri ya kawo a cikin littafinsa Attamhid cewa wani mai yawan ibada, Abdullahi Al-Umari, ya rubuta wa Imamu Malik yana kwaɗaitar da shi ya keɓe daga mutane ya duƙufa ga ibada. Malik ya amsa masa cewa Allah ya raba ayyuka kamar yadda ya raba arziki, wani an buɗe masa ƙofar salla ba a buɗe masa ta azumi ba, wani ta sadaka, shi kuwa ya yarda da wadda aka buɗe masa, wato yaɗa ilimi. Haka Annabi (SAW) ya riƙa yi da sahabbai. Ya ce wa Abu Zarri shi mai rauni ne, kada ya shugabanci ko mutum biyu. Ya sa Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya ƙware cikin kamar rabin wata. Hassanu ɗan Sabit kuwa waƙa ce ƙofarsa, aka ce masa ya mayar wa mushirikai martani, Jibrilu yana tare da shi.

Asalin aikin fasaha halal ne, kuma kyautata shi abin so ne. A Suratu Saba'i aya ta 11 Allah ya umarci Annabi Dawuda ya yi sulke masu yalwa, ya kuma daidaita saƙarsu. Wasu masu tafsiri suka ce ma'anarsa kada ƙusar ta yi siriri ta riƙa motsi a cikin zoben sulken, kada kuma ta yi kauri ta fasa shi. Dubi yadda wahayi ya sauka har kan awon ƙusa!

Sai dai kowane fanni da iyakarsa. Ƙirƙirarren labari malamai sun yi saɓani a kansa, wasu sun hana don suna ganin ƙarya ce. Abin da ya fi ƙarfi a wurinmu shi ne ya halatta, matuƙar mai karatu ya san ƙirƙira ce, domin buga misali ba yaudara ba ce. Yana komawa haram idan ka sa magana a bakin annabi ko sahabi wadda bai faɗa ba, ko ka siffanta tsiraici da alfasha yadda za su tayar da sha'awa, ko ka ɗauki aibin wani mutum sananne ka sauya masa suna kawai alhali kowa zai gane shi. Wannan na ƙarshe giba ce ko da an kira ta adabi.

Zane ya fi buƙatar taka-tsantsan. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zana surori ya tambayi Ibnu Abbas, sai ya karanta masa hadisin azabar masu sura, sannan ya ce idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itace da abin da ba shi da rai. A mazhabar Malikiyya abin da ya haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku, in ban da 'yartsanar wasan yara mata. Zanen mai rai a kan takarda ko bango makaruhi ne a wurinsu, amma da yawan malaman sauran mazhabobi sun haramta shi. Wanda zai ci abinci da zane kullum, gara ya tsaya inda babu saɓani: tsirrai, gine-gine, ado, rubutun hannu mai ƙayatarwa, tsara bangon littafi.

Batun ajiye aiki kuwa, ciyar da matarka da 'ya'yanka wajibi ne, fasaharka kuma halal ce ko mustahabbi, ba a kuwa zubar da wajibi don mustahabbi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Saboda haka bai halatta ka ajiye aikin ba idan mafi rinjayen zato shi ne iyalinka za su tagayyara. Idan kana da abin riƙe su, ya halatta.

Abin da zan faɗa yanzu shawara ce, ba nassi ba. Ka ware sa'a ɗaya kullum, a lokaci tsayayye, har wata shida, kana kan aikinka. Sha'awar da gajiyar ofis ta haifar ba ta kaiwa wata na biyu. Baiwa ta gaskiya tana jure ranakun da rubutun ya ƙi zuwa. Ka kammala ayyuka uku, kada ka fara goma ka watsar. Ka kai su ga mutum biyu da suka ƙware a fannin, ba abokanka ba, domin aboki yana jin nauyinka. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai ka tanadi abin ciyar da gida na aƙalla wata shida, fasahar kuma ta fara kawo wani abu a kai a kai. Ka shawarci matarka, hakkinta ne ake magana a kai. Sannan ka yi istihara, raka'a biyu da addu'ar da ta zo a hadisin Jabir. Hadisin bai ambaci mafarki ba, don haka kada ka zauna jiransa. Ka ci gaba da abin da ka ƙudurta, in alheri ne za a sauƙaƙa maka.

Inda masu fasaha suka fi zamewa shi ne niyya. Wanda yake ƙirga masu yaba masa a intanet safe da yamma, sannu a hankali zai koma rubuta abin da ake tafa wa, ba abin da yake gaskiya ba. Gwajin mai sauƙi ne: da za a buga aikin babu sunanka, za ka yi shi da irin wannan kulawa? Karɓar lada a kansa ba ya ɓata ikhlasi. Amma idan wani ya ba ka aiki, ku fayyace siffarsa da kuɗinsa da ranar bayarwa tun farko, kada kuma ka ɗauki aikin wani ka liƙa masa sunanka, wannan ha'inci ne. Wallahu a'alam.